Mene ne alaƙar addinin Katolika da ilimin taurari?

Tambaya

Muna yawan jin cewa Cocin Katolika ya yaƙi ilimin taurari, har ya hukunta Galileo saboda ya ce ƙasa ce take kewaya rana. Wasu suna kafa hujja da wannan su ce addini kowane iri abokin gaba ne ga ilimi. A gefe guda kuma an ce wani Fafaroma ne ya tsara kalandar Miladiyya, kuma fadar Batikan tana da wurin nazarin taurari har yau. Wanne ne gaskiya a ciki?

Amsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Ku sani, 'yan'uwa masu karatu maza da mata, duk abubuwa ukun da aka ambata sun faru. An hukunta Galileo a birnin Rum a 1633. Fafaroma Gregory na 13 ne ya zartar da kalandar da ake aiki da ita a ofisoshi da makarantu, a 1582. Batikan kuma tana da cibiyar nazarin taurari da malaman coci suke gudanarwa. Abin da yake buƙatar bayani shi ne yadda hukuma ɗaya ta haɗa su duka.

Amsar a taƙaice ita ce: cocin ya shafe ɗaruruwan shekaru yana kashe dukiya a kan lissafin rana da wata, saboda ibadarsa ta rataya a kan wannan lissafi. Ya yi babban kuskure a lokacin da ya ɗauki fahimtar masanan wani zamani game da tsarin sama, ya mayar da ita ma'anar nassinsa, sannan ya tsare ta da kotu. Daga baya ya janye. Adalci wajibi ne ko ga wanda muka saɓa da shi a aƙida, don haka ga bayanin dalla-dalla.

Na farko: abin da ya sa cocin ya buƙaci ilimin taurari

Babban bikin Kiristoci na shekara shi ne Ista, inda suke tunawa da abin da suka yi imani da shi na tashin Annabi Isa (AS) daga kabari bayan gicciyewa. Musulmi ba su yarda an gicciye shi ba, amma abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda ake tsayar da ranar bikin.

Ista ba ta da tsayayyar rana kamar Kirsimeti. A taron bishof-bishof na Nikiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325, an amince Kiristoci su riƙa yin bikin a rana ɗaya. Ƙa'idar da ta tabbata daga baya ita ce: Lahadi ta farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. An ɗauki 21 ga Maris ne a matsayin ranar da dare da yini suke daidaita. Kun ga ke nan an ɗaure abu uku wuri guda: kwanakin mako, tafiyar wata da tafiyar rana. Shi ya sa Ista take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu.

Akwai kuma azuminsu na kwana 40 da yake farawa fiye da mako shida kafin bikin. Saboda haka ba zai yiwu su jira su ga wata da ido ba, kamar yadda muke jiran jinjirin Ramadan. Dole a san ranar tun kafin ta zo, kuma a san ta iri ɗaya daga Masar har Ingila a zamanin da saƙo yake tafiya a kan doki. Sai suka dogara da jadawali da aka gina a kan cewa wata 235 sun yi kusan daidai da shekarar rana 19. Wani rahibi mai suna Dionysius yana cikin rubuta irin wannan jadawali ne a 525 ya fara ƙirga shekaru daga haihuwar Annabi Isa (AS), wanda shi ne asalin abin da muke kira Miladiyya. Wani rahibin Ingila mai suna Bede ya rubuta babban littafi a kan lissafin lokaci a 725, aka daɗe ana karantar da shi.

Ban da Ista, ruhubanawa suna da addu'o'in dare masu lokaci. Tun a ƙarni na 6 Bishof Gregory na garin Tours a Faransa ya rubuta musu ɗan littafi yana koya musu gane sa'o'in dare da fitowar taurari. Wannan ya yi kama da aikin muwaƙƙit a manyan masallatan Dimashƙa da Alƙahira, wato masanin da aka ɗora wa lissafin lokutan salla.

Na biyu: abin da ya karɓa daga Musulmi

Har zuwa ƙarni na 10, abin da Turai ta yamma ta sani na taurari bai wuce irin waɗannan jadawali ba. Zurfin ilimin yana Bagadaza da Raƙƙa da Ƙurɗuba. Wani matashin rahibi Bafaranshe mai suna Gerbert ya je arewacin Sifen, kan iyaka da Andalus, wajen 967, ya koyi lissafi da taurari, ya koma yana karantarwa. A 999 ya zama Fafaroma Sylvester na 2.

Bayan birnin Ɗulaiɗila, wato Toledo, ya faɗa hannun Kiristoci a 1085, ya zama cibiyar fassara littattafan Larabci zuwa Latin, kuma da yawa daga masu fassarar malaman coci ne. Gerard na Cremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara littafin Baɗlamus da Larabawa suka sa wa suna Almajisɗi, da littafin Alfargani. An fassara zij ɗin Albattani, wato littafin jadawalinsa na taurari, a ƙarni na 12. Jadawalin Azzarƙali na Ɗulaiɗila ya yaɗu a Turai, kuma a wannan birni aka haɗa jadawalin Sarki Alfonso na 10 a ƙarni na 13. Sunayen taurari irin su Aldebaran da Altair da Rigel da Algol duk kalmomin Larabci ne da suka shiga Latin ta wannan hanya.

Jami'o'in farko na Turai, kamar na Faris da Oxford, sun taso ne a inuwar coci, kuma ilimin taurari yana cikin darussan da ɗalibi yake yi kafin ya kai ga karatun tauhidinsu. Abin da ake karantarwa shi ne tsarin Arisɗo da Baɗlamus: ƙasa a tsaye a tsakiya, rana da wata da taurari suna kewaya ta. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa. Tsarin na masanan Girka ne, amma da daɗewa aka saba karanta Baibul da shi har aka daina rarrabe su.

Na uku: gyaran kalanda na 1582

Kalandar da cocin ya gada ita ce ta Yuliyus Kaisar, wadda ta ɗauki shekara kwana 365 da awa 6 cif. Ainihin shekarar rana kuwa ta gaza haka da kimanin minti 11. Albattani, wanda ya rasu a 929, ya auna ta ya samu kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24, ya kuskure wa ma'aunin yau da minti biyu da 'yan kai kawai. Minti 11 ba komai ba ne a shekara ɗaya, amma a duk shekara 128 suna taruwa su zama kwana guda. Zuwa ƙarni na 16, ranar daidaituwar dare da yini ta zame daga 21 ga Maris ta koma wajen 11 ga Maris. Ma'ana, a wasu shekarun ana yin Ista a ranar da ta saɓa wa ƙa'idar cocin kansa.

Fafaroma Gregory na 13 ya kafa kwamiti. Shawarar da aka ɗauka ta wani likita ce ɗan Italiya, Aloysius Lilius. Wanda ya yi mata sharhi ya kare ta shi ne Fada Christopher Clavius, Bajamushe ɗan ƙungiyar Jesuit, malamin lissafi a kwalejinsu ta Rum. A cikin kwamitin har da Ignatius Ni'imatullah, tsohon shugaban cocin Suriyaniyawa na Antakiya. A ranar 24 ga Fabrairu 1582 Fafaroma ya sa hannu a kan dokar, wadda ta ƙunshi gyara biyu a ɓangaren rana. Na ɗaya, a cire kwana 10: daga Alhamis 4 ga Oktoba 1582 aka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Ku lura, jerin kwanakin mako bai taɓu ba, don haka Juma'a ba ta gusa daga wurinta ba. Na biyu, shekarun da suke ƙarewa da sifili biyu ba za a ƙara wa Fabrairunsu kwana ba sai idan 400 ta raba su daidai. Shi ya sa Fabrairun 1900 ya tsaya a kwana 28, na 2000 ya kai 29, na 2100 kuma zai tsaya a 28. Da wannan gyara, sai an yi sama da shekara 3,000 kafin kalandar ta kuskure da kwana ɗaya.

Ƙasashen Katolika sun karɓa nan da nan. Ƙasashen Furotesta sun ƙi na tsawon lokaci saboda daga Fafaroma ta fito. Ingila ba ta karɓa ba sai 1752, Rasha sai 1918, Girka sai 1923, Turkiyya sai 1926. Ta hannun Turawan mulkin mallaka ta iso ƙasashenmu. Wannan kalanda ta rana ce, ta Hijira kuwa ta wata ce, mai kwana 354 ko 355. Shi ya sa Ramadan yake matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara a lissafin Miladiyya.

Na huɗu: Copernicus da Galileo

Nicolaus Copernicus, wanda ya rayu daga 1473 zuwa 1543, ma'aikacin babban cocin Frombork ne a Foland, kuma da albashin coci ya rayu. Shi ya tsara lissafin da ya sa rana a tsakiya, ƙasa tana juyawa tana kuma kewaya ta. A 1533 an yi wa Fafaroma Clement na 7 bayanin ra'ayin a Batikan, bai hana ba. A 1536 wani kadinal ya rubuto masa yana roƙonsa ya wallafa. Da littafin ya fito a 1543, ga Fafaroma Paul na 3 aka sadaukar da shi. Copernicus ya ambaci Albattani da Azzarƙali da sunansu. Wasu dabarun lissafinsa sun yi daidai da na Nasiruddin Aɗɗusi da na Ibnush Shaɗir, muwaƙƙit na Masallacin Umayyawa a Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375, ko da yake Ibnush Shaɗir bai gusar da ƙasa daga tsakiya ba. Littafin ya yi shekara 73 ba a haramta shi ba.

Al'amari ya canza da zuwan madubin hangen nesa. A 1609 Galileo Galilei ya ƙera nasa, a Janairun 1610 ya ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari, ya ga duwatsu a kan wata, daga baya ya ga Zahra tana ƙaruwa tana raguwa kamar wata. A 1611 masanan Jesuit na kwalejin Rum suka duba da nasu madubin, suka tabbatar da abin da ya gani, har suka shirya masa taron girmamawa. Rigima ta taso ne da aka tambaya: idan ƙasa ce take tafiya, yaya za a yi da wuraren da Baibul ya ambaci tsayar da rana ga Yusha'u, da wuraren da Zabura ta siffanta ƙasa a kafe? Galileo ya amsa a wasiƙunsa na 1613 da 1615 cewa nassi yana magana da mutane da abin da idonsu yake gani, bai zo koyar da tsarin falaki ba.

A Fabrairun 1616 malaman kotun binciken aƙida suka yanke cewa tsayuwar rana a tsakiya bidi'a ce mai saɓa wa nassi. Kadinal Bellarmine ya gargaɗi Galileo kada ya riƙe ra'ayin ko ya kare shi. A ranar 5 ga Maris aka dakatar da littafin Copernicus har sai an gyara shi. A 1623 abokin Galileo, Kadinal Barberini, ya zama Fafaroma Urban na 8, ya ba shi damar rubutu a kan tsarin biyu muddin bai yanke hukunci ba. Littafin da ya fito a 1632 muhawara ce tsakanin mutum uku, kuma kowa ya ga inda ta karkata. Mafi muni, hujjar da Fafaroma ya fi so, cewa Allah yana da ikon samar da abin da muke gani ta hanyoyin da hankalinmu bai kai gare su ba, an sa ta a bakin mutumin da aka kayar a duk muhawarar. A ranar 22 ga Yuni 1633 aka same shi da laifin zargi mai ƙarfi na bidi'a, aka sa shi ya durƙusa ya janye, yana da shekara 69. Kadinal bakwai cikin goma ne suka sa hannu. An yi masa barazanar azabtarwa, ba a azabtar da shi ba, ba a kuma kashe shi ba. An tsare shi a gidansa na Arcetri kusa da Florence har ya rasu a ranar 8 ga Janairu 1642.

Dalilai huɗu ne suka haɗu. Na ɗaya, cakuɗa nassi da tsarin Girkawa da muka ambata. Na biyu, zamanin na rikici ne da Furotesta, kuma taron Trent ya hana kowa a 1546 ya fassara Baibul saɓanin ijma'in magabatan coci, ga shi Galileo ba malamin addini ba yana tafsiri. Na uku, hujjar da za ta yanke gardama ba ta samu ba tukuna. Abin da ya gani a Zahra ya rushe tsarin Baɗlamus, amma ya dace da tsarin Tycho Brahe, wanda ya bar ƙasa a tsaye, sauran taurari masu tafiya suna kewaya rana, ita kuma tana kewaya ƙasa. Babbar hujjar Galileo, cewa motsin ƙasa ne yake kawo cikar teku da janyewarsa, kuskure ce. Bellarmine da kansa ya rubuta a 1615 cewa da za a samu tabbatacciyar hujja, to sai a sake duba yadda aka fahimci nassin. Hujjojin sun zo daga baya: ta James Bradley a 1729, da ta Friedrich Bessel a 1838, wanda ya auna ɗan gusawar da tauraro yake yi a ido saboda tafiyar ƙasa. Na huɗu, fushin Fafaroma da siyasar yaƙin da ake yi a Turai.

Waɗannan dalilai suna bayyana yadda abin ya faru, ba su wanke kotun ba. Rashin cikar hujja dalili ne na a dakata, su kuwa sun yanke cewa ra'ayin ya saɓa wa wahayi, suka tilasta wa tsoho ya rantse a kan abin da daga baya ya tabbata shi ne daidai.

Ana yawan haɗa wannan da labarin Giordano Bruno, wanda aka ƙona a Rum a ranar 17 ga Fabrairu 1600. Kisan ya faru, kuma Bruno ya yi magana a kan duniyoyi masu yawa. Sai dai cikin tuhumomin da aka yi masa akwai inkarin manyan aƙidun cocin, kamar Triniti da allahntakar da suke jingina wa Annabi Isa (AS), kuma an kashe shi shekara 16 kafin a haramta ra'ayin Copernicus.

Na biyar: bayan hukuncin

Nazarin taurari bai tsaya a ƙasashen Katolika ba, ko da yake haramcin ya tilasta wa masana su riƙa kiran tafiyar ƙasa zato na lissafi kawai. A 1655 Giovanni Cassini ya huda rufin cocin San Petronio a Bologna, ƙasar da Fafaroma yake mulka, a tsayin kimanin mita 27, ya shimfiɗa layi mai tsawon kusan mita 67 a daɓe. Kullum da tsakar rana hasken yakan faɗo a kan layin, a auna inda ya sauka. Manufar ita ce tantance ranar daidaituwar dare da yini saboda Ista. Amma da wannan layi Cassini ya auna yadda girman rana yake canzawa a ido cikin shekara, sakamakon kuma ya goyi bayan lissafin Kepler, wanda mabiyin Copernicus ne. A 1702 aka yi irinsa a wani coci a Rum da umarnin Fafaroma Clement na 11. Masanin tarihin kimiyya John Heilbron, wanda ya yi littafi a kan waɗannan layuka a 1999, ya tafi a kan cewa tsawon ƙarni shida babu hukumar da ta tallafa wa ilimin taurari a Turai kamar cocin.

A 1651 Fada Riccioli ɗan Jesuit ya auna hujjoji 126 na ɓangarorin biyu, ya rinjayar da tsayuwar ƙasa. Shi ne kuma ya sa wa ramukan wata sunayen da ake amfani da su har yau, ciki har da na Copernicus da Kepler da Galileo, da na Albattani da Azzarƙali da Alfargani da Assufi. A ƙasar Sin, Fada Adam Schall da Fada Ferdinand Verbiest sun shugabanci ofishin taurari na sarki, kuma kayan auna taurari na tagulla da Verbiest ya ƙera a 1673 suna nan a Beijing. Fada Giuseppe Piazzi ya gano Ceres a ranar 1 ga Janairu 1801. Fada Angelo Secchi, wanda ya rasu a 1878, ya rarraba taurari kusan 4,000 gida-gida bisa launukan haskensu, daga ɗakin nazarin da ke kan rufin wani coci a Rum.

Janye haramcin ya zo a hankali. A 1758 aka cire haramcin gaba ɗaya na littattafan da suke koyar da tafiyar ƙasa. A 1822 aka halatta buga su a Rum. A 1835 aka fitar da jerin haramtattun littattafai babu na Copernicus da na Galileo. A 1893 Fafaroma Leo na 13 ya koyar da cewa marubutan Baibul sun yi magana a kan halitta da yadda take bayyana ga ido, wanda kusan shi ne abin da Galileo ya faɗa. A ranar 31 ga Oktoba 1992 Fafaroma John Paul na 2 ya bayyana a fili cewa malaman da suka hukunta shi sun yi kuskure, shekara 359 bayan hukuncin.

Na shida: cibiyar Batikan da Fada Lemaître

A 1891 Leo na 13 ya sake kafa cibiyar nazarin taurari ta Batikan, ya kuma faɗi dalilinsa: a ga cewa cocin ba ya gaba da ingantaccen ilimi. Cibiyar ta shiga aikin ƙasa da ƙasa na ɗaukar hoton sama, inda mata huɗu 'yan zuhudu suka auna matsayin taurari kusan rabin miliyan daga hotunan. Da fitilun Rum suka hana ganin sama, aka mayar da ita Castel Gandolfo a 1935. A 1993 ta buɗe madubi mai faɗin mita 1.8 a kan Dutsen Graham a jihar Arizona ta Amurka.

Georges Lemaître fada ne ɗan Beljiyam, malami a jami'ar Louvain. A 1927 ya nuna da lissafin Einstein cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, shekara biyu kafin Edwin Hubble ya wallafa ma'auninsa. A 1931 ya kawo ra'ayin cewa komai ya faro ne daga wani dunƙule guda mai tsananin matsi, ra'ayin da daga baya aka sa wa suna Big Bang. A Nuwamban 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa wannan bincike shaida ce ga farkon halitta da Baibul ya ambata. Lemaître bai ji daɗin haka ba. A ganinsa lissafinsa yana magana ne a kan yadda halitta ta kasance a wani mataki, halittawa daga babu kuwa magana ce da madubi ba ya kai gare ta, kuma idan aka rataya imani a kan nazariyya, ranar da ta canza sai imanin ya girgiza. Da Fafaroma ya yi wa taron masana taurari na duniya jawabi a 1952, bai maimaita maganar ba.

Ku duba, haɗarin iri ɗaya ne da na 1616, fuskarsa ce ta juya. A can an ɗaure nassi da tsohuwar nazariyya aka yaƙi sabuwa. A nan an so a ɗaure shi da sabuwa don ta zo daidai da abin da ake so.

Na bakwai: ilimin taurari daban, duban taurari daban

Kada ku haɗa ilimin falaki da tanjimi, wato da'awar sanin gaibu da rabon mutum ta hanyar taurari. Malamanmu sun raba ilimin tasyiri, na lissafin tafiyar taurari don sanin lokaci da alƙibla, da ilimin ta'asiri, wanda aka haramta. Cocin ma yana da irin wannan rarrabewa a dokarsa, ko da yake wasu fafaromomin sun riƙe masu duba a fadarsu. Sixtus na 5 ya haramta duban taurari a 1586, Urban na 8 ya ƙarfafa haramcin a 1631, kuma littafin koyarwar cocin na yanzu ya hana dogaro da burujai.

Abin da ya kamata ku riƙe

Idan wani ya kawo muku labarin Galileo a matsayin hujjar cewa addini abokin gaban ilimi ne, ku tambaye shi wa ya biya Copernicus albashi, wa ya gyara kalandar da yake karɓar nasa albashin da ita, kuma wane ne Lemaître. Ku tuna masa cewa Galileo kansa ya rayu ya mutu yana Katolika. Idan kuma wani ya ce cocin bai yi laifi ba, ku tuna masa da ranar 22 ga Yuni 1633, da cewa cocin da kansa ya amsa kuskurensa. Hukuncin kotu ɗaya a birnin Rum, mai dalilansa na zamaninsa, ba ya zama hukunci a kan kowane addini.

Ku kuma kiyaye harshenku a irin wannan fage. Imam Algazali, wanda ya rasu a 1111, fiye da shekara 500 kafin shari'ar Galileo, ya yi gargaɗi a gabatarwar Tahafutul Falasifa cewa wanda ya yi inkarin lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini ya cutar da addinin, domin masanin da ya tabbatar da lissafinsa ba zai yi shakkar lissafin ba, addinin zai yi shakka. Don haka kada ku ce nassi ya ƙaryata wani bincike sai kun san nassin tabbatacce ne, ma'anarsa yankakkiya ce, kun kuma fahimci abin da binciken yake cewa. Kada kuma ku yi gaggawar cewa wata aya ita ce wata nazariyya da aka ji jiya. Abin da ya shige muku duhu ku mayar da shi ga malaman tafsiri da masana fannin, kowa a kan abin da ya sani.

Allah ne Mafi sani.